Naman Sanayya da Naman Hatimi

  Yau dai tarihi za mu taɓa, tarihin naman da muke jefawa a miya, mu bi sawunsa mu ga hannuwan da yake ratsawa kafin ya iso madafinmu. Za mu ɗauki misali da yankin Yasore, can ƙasar Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, bakin Dajin Rugu, inda noma da kiwo suka daɗe suna zaman tare.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata muhawara da ake yi a ƙasashen Turai da Amurka. Wasu masu cefane sun ce su ba su yarda da nama ba sai wanda ke ɗauke da tambarin da ke shaida cewa an yi kiwon dabbar ba tare da sinadaran zamani ba, abin da suke kira oganik. Wasu kuma sun ce su babu ruwansu da tambari, gara su tafi gonar manomin da suka sani, su ga saniyar da idonsu, su saya a hannunsa. In kika ji haka sai ki yi murmushi, domin abin da suke wa kallon sabon salo shi ne kakanninmu suka tashi a ciki. Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Tambayar tasu tana nan a gabanmu mu ma, kuma ta fi tasu nauyi: wa za ki yarda da shi, mutumin da kika sani ko takardar hukuma?

Mu fara da yadda abin yake a da. A garuruwan ƙasar Katsina fawa sana'ar gado ce. Mahauta, ko rundawa kamar yadda ake ce musu a wannan yanki har zuwa Maraɗi da Sakkwato, suna da shugabansu, wato Sarkin Fawa, wanda sarki ko hakimi ko dagaci ke naɗawa. Ba a yanka babbar dabba don sayarwa a ɓoye masa. Shi ne zai san inda saniya ta fito, da wanda ya sayar da ita, da dillalin da ya tsaya a kan cinikin, kuma yana da ɗan kasonsa a abin da aka yanka. In an kawo ƙarar nama, shi za a kira gaban dagaci. Ba ya riƙe da takarda ko alƙalami. Sunan gidansu ne jinginarsa, tunda ɗansa ne zai gaji wuƙar, kuma ƴarsa a garin za ta yi aure.

Sannan ga kiɗa. Kalangu ai na mahauta ne tun asali. Ranar da za a kayar da sa, makaɗi zai kama kiɗan fawa, duk macen da ke cikin gida ta ji ta san yau akwai nama a gari. Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Clapperton, wanda ya iso Kano a farkon 1824, ya kuma ratsa ta Katsina a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rubuta abin da ya gani a kasuwar Kano. Ya ce in an kawo ƙosasshen sa za a yanka, sai a shafa wa ƙahoninsa lalle su yi ja, makaɗa na biye, jama'a su taru suna kallo, labarin girmansa da kitsensa ya bazu, kowa ya rugo ya saya. Ki duba da kyau, 'yar uwa. Wannan kiɗa da lalle talla ne, amma kuma shaida ne. An zagaya da dabbar tana tafiya da ƙafafunta huɗu a gaban ɗaruruwan idanu, wanda ya san shanu ya ga hancinta da idonta da takunta. Saniyar da ke tari ko jan ƙafa ba za a yi mata wannan gangami ba.

Shi dai wannan Bature ya kuma tona asirin mahautan wancan zamani. Ya ce sukan tsattsaga nama don kitse ya bayyana, sukan hura masa iska ya kumbura, har wani lokaci sukan manna gashin tunkiya a cinyar akuya don wanda bai sani ba ya ɗauka naman rago ne. Shekara 200 ke nan fa! Saboda haka in kika ji tsofaffi na cewa a da babu algus, ki ce musu da girmamawa, akwai, sai dai mai yin sa ya fi jin tsoron a gane shi. Wani abin sha'awa da ya ambata kuma shi ne, a kasuwar tufafi ana rubuta sunan dillali a saka cikin ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda in an kai har Barno aka buɗe aka ga aibi, sai a maido, dillalin ya nemo mai kayan ya biya. Ashe rubutacciyar shaida a jikin kaya ba Turawa suka kawo mana ita ba. Nama ne dai bai buƙace ta ba, don ba ya tafiya nesa. Ana yanka shi da safe, kafin la'asar ya shiga tukunya, abin da ya saura a yi tsire ko balangu, ko a shanya a yi kilishi.

Ita kuwa uwargida, yawanci ba ita ke zuwa gaban mahauci ba. Maigida ne zai sayo, ko a aiki yaro da kwano. Amma kada ki ɗauka ba ta da ta cewa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta yi rubutu a kan irin cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara, ta nuna cewa kasuwa ce babba wadda baƙo ba ya gani. To ta wannan hanyar da ƙuli-ƙuli da fura ke yawo gida-gida, ta nan labari ke yawo. In naman wane ya yi wari kafin azahar, ko hantarsa ta fito da tsutsa, kafin magariba duk unguwa ta ji. Mahaucin ƙauye ya fi tsoron bakin mata a kan bulalar dogari.

Akwai kuma watanda, wadda har gobe ana yi. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a wakilta biyu ko uku da suka san dabba su tafi kasuwar kara ko kai tsaye ruga, su zaɓo sa. A kawo shi a ɗaure a gindin bishiya kowa ya gani, a sami malami ya yanka, mahauci ya feɗe, a kasa kashi-kashi daidai yawan masu zubi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kitsensa da ɗan kayan ciki. Babu mai cewa an ba shi mushe, tunda a gabansa aka yi bisimilla aka sa wuƙa. A ganina babu wata dabarar sayen nama da ta kai wannan kwanciyar rai, ga kuma sauƙin kuɗi. Gab da azumi da jajibirin sallah ne kakarta. Haka ma layya: sharuɗɗan da malamai ke karantar da mu, cewa kada dabbar ta zama mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko mai ciwo bayyananne, ko ramammiya, ai duba lafiyar dabba ne tun tana raye, kuma an ɗora shi a wuyan mai saye.

Amma ido yana da iyaka. Wajen 1890 zuwa 1891 wata annoba ta shigo ƙasar Hausa daga gabas, bayan ta faro daga gaɓar Bahar Maliya a 1887 ta hanyar shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Ita ce bushiya. A wasu wurare ta kashe kusan tara cikin goma na shanu, har mutane suka laƙaba wa wannan shekara suna "sannu", saboda gaisuwar jaje da ake yi wa makiyaya ko'ina aka juya. Bushiya ba ta kama mutum, amma ta nuna cewa akwai abin da ya fi ƙarfin Sarkin Fawa da Arɗo baki ɗaya.

Turawa sun shiga Katsina a 1903, kuma zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, shi ne zamanin da takarda ta fara bin dabba. Sai dai ki lura da abin da takardar ta fara bi. Na farko jangali, wato harajin shanu, wanda ya sa ake ƙirga garke kowace shekara ana ba da rasit. Na biyu fata da ƙirgi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe ido a kan fatar jar akuyarmu da ƙirgin shanu, sai hukuma ta sa malamai suna bin mahauta suna koya musu fiɗa ba tare da wuƙa ta huda fata ba, da shanya ta a inuwa a kan katako maimakon a ƙasa cikin rana. Wato dai fatar da za ta tafi Ingila ta riga naman da za mu ci samun mai duba ta. Na uku riga-kafi. An kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom kusa da Jos a 1924, daga nan ake haɗa allurar bushiya ana rarrabawa, kuma makiyayan da suka fara gudunta daga baya su suka riƙa neman ta da kansu, don sun ga amfaninta a garkensu.

Duba nama kuwa a hannun dubagari ya fara. Iyayenmu mata ba su manta da dubagari ba, mutumin da ke shiga gida ya leƙa randa ya duba salga, in ya ga tsutsa a ruwa a ci tarar maigida. Shi ne kuma ke zuwa mahauta. En'e ta gina dakalin siminti a manyan kasuwanni aka ce nan kaɗai za a riƙa yanka, aka kafa kwata a birane. Daga baya, da aka sami likitocin dabbobi 'yan ƙasa, musamman bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara horar da su a tsakiyar shekarun 1960, sai aikin ya koma hannunsu da na malaman dabbobi.

Ya kamata mu san abin da malamin dabbobi ke yi a kwata, domin da yawanmu mun ɗauka kuɗin shiga kawai yake karɓa. A inda ake bin ƙa'ida, zai duba dabbar tana tsaye tukuna. Bayan an feɗe sai ya tsaga huhu da kaluluwar da ke jikinsa yana neman ƙulle-ƙullen tarin fuka, wanda ke iya kama mutum ta nama ko ɗanyen nono. Zai yanka hanta ya ga ko akwai tsutsar hanta a jijiyoyinta. Zai tsaga zuciya da harshe da naman kumatu yana neman wasu 'yan ƙwayoyi farare kamar tsabar shinkafa, waɗanda in mutum ya ci su a naman da bai dahu ba suke zama tsila a cikinsa. Abin da ya lalace ya ware a binne ko a ƙone, mai kyau ya buga masa hatimi. To kin ga wannan ilmi ne da kallon sa a gindin bishiya ba zai ba ki ba. Sa na iya yin ƙiba yana sheƙi, huhunsa kuwa ya gama ruɓewa.

Matsalar ita ce wannan hatimi bai taɓa isa ƙauye yadda ya kamata ba. Malami ɗaya, kasuwanni da yawa, ga nisa ga rashin abin hawa. Akuyar da aka yanka a bayan gida ranar suna, da ragon layya, da san watanda, da wanda mahaucin ƙauye ya kayar da asuba, mafi yawansu babu wani ma'aikaci da ya gan su. Don haka a wuri irin Yasore tsohon tsari bai mutu ba, sabon kuma bai zauna da gindinsa ba.

An dai yi ƙoƙari ta fuskar kiwo. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Amurka, ta ɗauki dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda muke haɗawa mu ce Dajin Rugu, ta mai da shi wurin gwajin kiwo na zamani, aka yi madatsun ruwa don shanu a wajen Runka. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya ta Arewa. A 1962 kuma aka fara gagarumin gangamin allurar bushiya na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, aka yi nasara, sannan aka yi sakaci, cutar ta dawo da ƙarfinta a 1983 ta yi ɓarna mai yawa a Arewa. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Jangali kuwa an soke shi a shekarun 1970. Makiyaya sun huta da biya, amma da shi aka daina ƙirga shanu garke-garke, hukuma ta rage sanin na wane ne wane.

Yanzu mu leƙa wajen masu tambarin oganik mu ga me ya kai su. Su nisa ne ya yi musu yawa. Mai cin nama a Landan bai san ko a wace ƙasa aka haifi saniyar ba, balle sunan mai ita. A 1986 aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya, wadda ta yaɗu saboda ana niƙa ragowar gawar dabbobi ana zuba wa shanu a abinci, kuma a 1996 gwamnatinsu ta amsa cewa cutar na iya kama mutum. Irin wannan ne ya ƙara tura mutane neman shaida. Amurka ta yi dokarta ta oganik a 1990, tambarin ya fara aiki a 2002. Tarayyar Turai ta yi tata a 1991 don amfanin gona, ta shigar da dabbobi a 1999. Sharuɗɗan sun haɗa da cewa abincin dabbar ya fito daga gonar da ba a sa wa takin zamani ko maganin feshi ba, a bar ta ta fita kiwo, kada a ba ta maganin sa ƙiba. A Amurka in aka yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta ta fita daga sahun oganik ke nan har abada. A Turai an yarda a yi mata in ta kamu da ciwo, amma sai an ninka kwanakin jira kafin a yanka. Manomi zai riƙa rubuta komai a littafi, mai bincike ya zo duk shekara, kuma manomin ne zai biya kuɗin binciken. Shi ya sa ƙananan manoma da yawa a can suke cewa ba za su iya ba, su dai a zo a ga gonarsu. Kuma tambarin yana shaidar yadda aka yi kiwo ne kawai, duba cuta aikin wasu ma'aikatan ne daban. A 2013 sai ga naman doki a cikin kayan da aka rubuta musu naman shanu a manyan kantunan Ailan da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai. Gashin tunkiya a cinyar akuya ke nan, ya sake shiga.

Za ki ji ana cewa ai mu duk namanmu oganik ne, tunda shanunmu ciyawar Allah suke ci. Akwai gaskiya a ciki. Saniyar da ta tashi a Rugu tana cin ciyawa da damina, da kaka ta shiga gona ta ci kara da harawa ta bar taki, ta sha kanwa, ta fi saniyar Turai da yawa kusa da abin da tambarin ke nema. Amma zancen ya canja daga tsakiyar shekarun 1980. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, hidimar da gwamnati ke yi wa dabbobi kyauta ta ja baya, magani ya koma kasuwa. Yau duk kasuwar kara da kika shiga za ki ga mai tabarma ya baza kwalabe a rana, makiyayi ya saya ya tsira wa saniyarsa da kansa, ba awo ba ƙa'ida. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma zamanin Dora Akunyili daga 2001 ya koya mana duba lamba a jikin magani da abincin gwangwani. Wannan lamba tana iya gaya miki kwalbar ta gaske ce. Ba ta jikin tsokar da ke kan teburin mahauci.

Ga inda haɗarin yake. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da ya kamata a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Allurar nan mai launin ruwan zuma da aka fi yi wa shanu, mai daɗewa a jiki, takan buƙaci mako uku zuwa huɗu, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar. Amma me aka saba yi? Saniya ta kwanta ciwo, a yi mata allura yau, gobe a ga ba ta tashi ba, jibi a kira mahauci tun ba ta zama mushe ba, a sayar da araha. Maganin na nan cikin naman, musamman hanta da ƙoda da wurin da allurar ta shiga, kuma dafuwa ba ta kawar da shi duka. In ana ci a kai a kai, ƙwayoyin cuta na sabawa da shi, ranar da yaronki zai buƙaci irinsa a asibiti sai a ga ba ya ci. Likitan kwata da wuƙarsa ba zai gane wannan ba sai an kai ɗakin gwaji. Sarkin Fawa ma ba zai gane ba. Mutum ɗaya ne ya sani, shi ne wanda ya riƙe sirinjin.

A nan ne nake ganin mu mata muke da abin da ya fi tambari. Awaki da tumakin da ke cikin gidajen ƙauye, mafi yawansu na mata ne. Ke kika ɗaure ragon nan a turke wata shida, ke kika ba shi dusa da ƙowa da harawa da ruwan tsari, ke kika san ranar da ya yi zawo da abin da aka ba shi. Maƙwabciyarki da za ta saya don suna ko layya in ta tambaye ki, ba za ki iya yi mata ƙarya ki kwana lafiya ba, gobe za ku haɗu a gidan biki. Ita ma Bafillatanar da ke kawo miki nono shekara da shekaru, wadda kike ajiye mata dusa da tsaba, in mijinta zai fitar da sa ta san tarihinsa tun yana maraƙi. Da irin wannan zumunci ake sayen naman da rai ke kwanciya da shi a ƙasar Ruma.

Wannan zumuncin ne aka sara a gindi. Daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta yi ƙamari a dazukan Zamfara da Katsina, Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Makiyayan kirki su aka fara kwashe wa garke, sannan aka juyo kan shanun huɗar manoma, sannan aka koma ɗaukar mutane. Ƙauyukan Batsari da Safana sun ga tashin hankalin da baki ba zai iya faɗa ba, mata da yara da yawa suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da Katsina, aka bar turaku babu ko akuya. Wanda ya rasa shanun huɗa ya rasa noma, wadda ta rasa tumakinta ta rasa asusunta na haihuwa da aurar da ɗiya. Tsakanin gari da ruga kuma zargi ya shiga, mai kawo nono ta daina zuwa, mai zuwa ruga sayen sa ya daina.

Su kuma dabbobin da aka sace ina suke tafiya? Ai ba daji suke tabbata ba. Kasuwa suke shiga, ta hannun masu saye da rahusa, a loda su a mota zuwa wani gari inda ba wanda ya san shaidar da ke kunnensu, ko a yanka da dare a kawo nama da safe. Wannan ne ya sa a ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, ta kuma hana fitar da shanu a mota daga jihar. Daga baya an sassauta. Amma a watannin da ta yi tana aiki, matar da ta yi kiwon ragonta da guminta ita ma ta rasa inda za ta sayar, ga ciwo ga yunwa. Laifin ɓarawo ya hau kan mai kaya, saboda hukuma ba ta da hanyar bambance su.

To sai ga wata sabuwar tambaya a kan nama wadda masu oganik ba su san da ita ba. Su suna tambayar me saniyar ta ci. Mu yanzu har da tambayar ta wace ce, kuma an zubar da jini kafin a raba ta da mai ita ko kuwa. Yanka da bisimilla ba ya halatta kayan sata, wannan kowace mace ta sani tun tana makarantar allo. Shi ya sa a kasuwannin kara da dama aka koma neman rasit, da wanda zai tsaya wa mai sayarwa, dillali sananne ko mai unguwa ko Arɗo. In kika duba, takarda ce a sama, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne tsohon aikin Sarkin Fawa: wani mutum mai suna da gida a gari ya ce na san wannan dabba. Rasit ɗin da babu irin wannan mutum a bayansa, ko ɓarawo ma zai iya saye. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo mai zaman kanta. Muna fata alherinta ya iso kasuwar ƙauye, ko da malamin dabbobi ɗaya ne da babur.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. In za a yi watanda a unguwarku, ku sa baki ta wajen mazajenku a san garken da san ya fito da wanda ya tsaya a kan cinikin, a tambayi mai shi yaushe rabon da a yi masa allura. In akwai malamin dabbobi a kusa, a cire ɗan abin mai a cikin zubin a kira shi ya duba huhu da hanta kafin a kasa, bai kai kuɗin kashi ɗaya ba. In yaro ya dawo da kwano cike da nama a kuɗin da jiya rabinsa ba ya samuwa, ki tambaya kafin ki ɗora tukunya. Hantar da ta yi tauri da fararen jijiyoyi, da huhun da ke da ƙulle-ƙulle kamar tsakuwa, ba na miya ba ne, kuma kada a jefa wa kare.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya kuwa, jini baƙi na fita ta hanci da baki da dubura bai daskarewa, wannan ko taɓa ta kada a yi. Alamar ciwon saifa ke nan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023, har hukuma ta yi gargaɗi a kan cin ganda a lokacin. Ba a feɗe ta, ba a cire fatar, domin da an buɗe cikin ƙwayar cutar ta shiga ƙasa, tana iya shekaru masu yawa a wurin tana jiran wata dabbar ko mutum. A kori yara daga wajen, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya.